Ƙanƙarar Kilimanjaro ta ƙaru a lissafina, a ina na yi kuskure?

Ɗan_Aji_Huɗu:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin taswira da hotunan tauraron ɗan'adam ku zo ku cece ni, tun shekaranjiya kaina ya ɗaure. Ni ɗalibin jogirafi ne ajin ƙarshe, furojet ɗina a kan daskararriyar ƙanƙarar da ke saman dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya ne, sufabaiza ya ce in auna faɗinta a shekaru daban-daban da hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat in zana taswira in nuna yadda take raguwa. Na buɗe akawun a EarthExplorer, shafin da ake samun hotunan, na sauke hotuna biyu, wallahi datar wata guda ta tafi a kansu, ɗaya na Fabrairun 2000 ɗaya na ƙarshen Mayun 2018, na zuba su a manhajar taswira ta QGIS na bi duk inda na ga fari fat na zagaye shi da hannu, kwana biyu ina abu ɗaya har idona ya fara ruwa.

To ga inda gizo ke saƙar. Na 2000 ya ba ni abin da ya yi kusa da wanda na gani a takardun masana, wajen murabba'in kilomita biyu da rabi da ɗan ɗoriya. Amma na 2018 ya fi ninki biyu na wancan. Wato a lissafina ƙanƙarar ƙaruwa ta yi, alhali duk duniya an ce ƙarewa take. Ko dai ni na gano abin da Turawa ba su gano ba, ko kuma na tafka shirme, kuma na fi zargin na biyun.

Matsala ta biyu, na samu hoton tsohuwar taswirar 1912 da Jamusawa suka zana, na ɗora ta a kan hoton Landsat sai ta ƙi zama, ƙanƙarar da ya kamata ta kasance a kan ƙololuwa sai ga ta ta zame gefe kamar hular da ta fi ƙarfin kai. Sati uku ya rage in kai babi na huɗu. Ku taimaka, Allah Ya biya.

'Yar_Taswira:

Wa alaikumus salam ƙanina. Kwantar da hankalinka, ba ka gano komai ba, haha, kusan duk wanda ya fara wannan aikin sai ya faɗa ramin nan, ni ma na faɗa. Ba duk farin da ka gani a hoto ba ne abin da aka sa ka auna.

Abu biyu ne a saman dutsen nan. Akwai dusar ƙanƙara, wadda ke zuba ta kwanta a kan duwatsu ta yi kwanaki ko makonni ta ɓace, wannan baƙuwa ce. Akwai kuma gilasiya, wato tsohuwar ƙanƙara da ta daskare ta zama kamar dutse shekara da shekaru, a Kilimanjaro wani wajen kaurinta ya kai mita 50 lokacin da aka haƙa ta a 2000. Ita ce 'yar gida, ita aka ce ka auna. Daga sama kuwa dukkansu fari ne. Kai kuma sai ka je ka ɗauko hoton ƙarshen Mayu, daidai ƙarshen babbar daminarsu da ke farawa daga Maris zuwa Mayu, kuma na 2018, shekarar da gabashin Afirka ta sha ruwa har da ambaliya a Kenya. Dutsen ya yi lulluɓi da dusa kai kuma ka bi ka zagaye mayafin duka. Kamar mutum ne ya auna faɗin Kogin Kaduna a watan Agusta ya kwatanta da na wata shekarar a watan Maris ya ce kogi ya ƙara girma.

Har hotunan nan biyu da suka yi yawo a intanet, na NASA na Fabrairun 1993 da Fabrairun 2000, wanda ɗaya dutsen fari tas ɗaya kuma kamar an aske shi, yawancin bambancin da ido ke gani dusa ce ta lokaci. Ƙanƙarar ta ragu da gaske a tsakanin, amma ba kamar yadda hoton ke tsorata mutum ba.

Don haka doka ta farko, ka zaɓi ƙarshen rani. A can rani biyu ne, dogon daga Yuni zuwa wajen Oktoba, gajeren kuma Janairu da Fabrairu. Ni dai Satumba zuwa farkon Oktoba nake fara dubawa, kuma ko a nan ɗin kada ka yarda da hoto ɗaya, ka duba uku ko huɗu na shekarar ka ɗauki wanda farinsa ya fi ƙanƙanta, domin dusa tana ƙara fari ne kawai, ba ta ragewa. Ka duba ɗan ƙaramin hoton da suke nunawa kafin ka sauke, kuma ba dole ka sauke kunshin duka ba, fayil uku ko huɗu kake buƙata, datarka ta huta.

Na biyu, ka daina bin fari da ido kawai. Dusa da ƙanƙara suna haske a launin kore da ja, amma a wani haske da idonmu ba ya gani, wanda ake kira SWIR, baƙi ƙirin suke fitowa don suna shanye shi. Gajimare kuwa a duka biyun yana haske. Da wannan ake raba su. Kowane launi da fayil ɗinsa da lambarsa, a Landsat 8 kore shi ne B3, SWIR ɗin B6, a Landsat 7 na hotonka na 2000 kuma B2 da B5, ka kula da wannan don lambobin ba ɗaya ba ne, mutane da yawa a nan suke ruftawa. Ka buɗe kalkuletar rasta, wato wurin lissafi da hotuna a QGIS, ka cire SWIR daga kore, ka raba da jimillar su biyun, shi ne ma'aunin dusa da ake kira NDSI, yawanci daga 0.4 zuwa sama ake ɗauka. Wasu kuma ja kawai suke rabawa da SWIR su yanka a wajen 2, kuma gaskiya wannan ya fi kama ƙanƙarar da ke cikin inuwa. Amma ka ji da kyau, wannan lissafin gajimare da dutse yake cire maka, ba ya raba dusa da tsohuwar ƙanƙara. Idan ka ba shi hoton Mayu, shirmen da ka yi da hannu shi zai maimaita maka cikin daƙiƙa biyar.

Na uku shi ne wanda masu duba furojet ke kama ɗalibai da shi. Fikzel ɗaya, wato ɗigo ɗaya na hoton Landsat, mita 30 ne a kan mita 30, wato murabba'in mita 900. Binciken da aka wallafa a 2024 da hotunan 2021 da 2022 ya samu ƙanƙarar Kilimanjaro gaba ɗaya 0.98 na murabba'in kilomita, ka yi lissafi da kanka, fikzel dubu da 'yan kai ke nan, kuma ba a dunƙule suke ba, guntu-guntu ne a warwatse, kusan kowane guntu rabinsa baki ne, fikzel ɗin bakin kuma rabi ƙanƙara rabi dutse. Shi ya sa su masu binciken ba Landsat suka yi amfani da shi ba, PlanetScope suka ɗauka mai fikzel wajen mita 3. Kai abin da za ka samu kyauta shi ne Sentinel-2 na Turai, mita 10, daga 2015 zuwa yau, kowane kwana biyar yana wucewa saɓanin Landsat mai kwana 16. Ka auna tsawon zagayen bakin ƙanƙararka ka ninka da rabin fikzel, abin da ya ba ka shi ne kuskuren da zai iya kasancewa, ka rubuta shi ɓaro-ɓaro a gefen kowace lamba. Kuma ka guji Landsat 7 bayan Mayun 2003, wani abu ya lalace a na'urarsa hotunan suna zuwa da zane-zanen baƙin layi.

Maganar tsohuwar taswira na bar wa Baba Safiyo, na san yana zuwa.

Mai_Faɗin_Gaskiya:

Ni fa ban gane ba. Muna da Tafkin Chadi a ƙofar gida, muna da hamada tana cin gonaki a Yobe da Jigawa, muna da zaizayar ƙasa, duk ba a ga abin aunawa ba sai ƙanƙarar Tanzaniya wadda kai da sufabaizan naka ba wanda ya taɓa gani sai a firij? Ba faɗa ba ne malam, tambaya ce.

Sannan su masanan nan naku, tun muna sakandare aka ce mana kafin 2020 babu sauran ƙanƙara a Kilimanjaro, ga shi 2020 ta wuce da shekaru 'yan yawon buɗe ido na ta ɗora hotonsu a Instagram a gaban bangon ƙanƙara. An kuma ce ta Himalaya za ta ƙare 2035. Yanzu an koma 2040, gobe a ce 2060. Idan hoton tauraron nan gaskiya yake faɗa me ya sa kullum ake ɗaga ranar kamar bikin da ba a gama haɗa lefe ba?

Baba_Safiyo:

Ɗana Ɗan Aji Huɗu, sannu da ƙoƙari. Na yi shekara talatin da wani abu ina aikin safiyo kafin in ajiye, ban taɓa taka Kilimanjaro ba amma ciwon da kake fama da shi na san shi tun muna zana da alƙalamin tawada a kan farar leda.

Taswirar nan da ka samu aikin Eduard Oehler ne da Fritz Klute, a 1912 suka hau suka ɗauki hotuna daga ƙasa, daga wurare daban-daban suna kallon abu ɗaya, da kusurwoyin suka fitar da zanen. Ba jirgi ba tauraro, ƙafa ce da kyamara da masu dako. Ka tuna a lokacin shekara 23 kacal da Hans Meyer da Ludwig Purtscheller suka fara kai wa ƙololuwa a 1889, kafin nan ma da Johannes Rebmann ya ba da labari a 1848 cewa ya ga dutse mai farin kai a kusa da tsakiyar duniya, wasu masana a Ingila ƙaryata shi suka yi. To mutanen da suka yi wannan aikin sun cancanci a jinjina musu, amma taswirarsu ba za ta hau kan hoton Landsat ta zauna daram ba, ba don haka aka yi ta ba.

Dalilan zamewar uku ne a sanina. Takarda da kanta tana motsi, shekara ɗari na zafi da laima tana miƙewa ta wani gefe ta takure ta wani, ga lanƙwasa, ga kuma wanda ya ɗauki hotonta wataƙila ma a karkace ya riƙe. Sai kuskuren su masu zanen, inda suka gani da kyau sun zana daidai, inda dutse ya tare musu kuwa ƙiyasi ne. Na ukun shi ne datum, wato ginshiƙin da aka kafa ma'aunin a kai. Mu nan tsofaffin taswirorinmu a kan Minna suke, su can gabashin Afirka taswirorin da Ingilishi suka bari a kan Arc 1960 suke, shi kuma Landsat da GPS ɗin wayarka a kan WGS 84. Idan ka haɗa su ba ka gaya wa kwamfuta ba, a yankin nan abu zai iya gocewa da mita ɗari biyu zuwa ɗari uku. Na taɓa ganin wani yaro a wani ofis ya ɗora filin makaranta a tsakiyar titi saboda wannan, ya rantse kwamfuta ce ta ba shi. A kan gilasiyar da faɗinta bai fi mita ɗari uku ba, ka ga ai ka ɗauke ta ɗungurungum ka ajiye a gidan maƙwabta.

Abin da za ka yi, ka sa komai a tsarin ma'aunin taswira na UTM, shiyya ta 37 ta kudu, kudu fa, don dutsen yana ƙasa da layin tsakiyar duniya da digiri uku. Sannan ka ɗaure tsohuwar taswirar da maki, kuma kada ka kuskura ka sa maki a bakin ƙanƙara, ita ce ke tafiya, ba a ɗaure akuya a jikin akuya. Ka nemi abin da bai motsa ba tun 1912, bakin babban ramin Kibo da ke ƙololuwa, tsinin duwatsu, mahaɗar kwaruruka, ka warwatsa makin ta kowane gefe, goma zuwa sha biyar, kada su taru a kusurwa ɗaya. Ka duba kuskuren da manhajar ta nuna maka, wanda ya yi tsalle ka cire shi ka sake.

Kuma ko ka yi duk wannan kada ka sa rai da lamba ɗaya tak. Hastenrath da Greischar sun auna wannan taswirar suka samu murabba'in kilomita 12.06 na 1912, sannan 6.68 a 1953, 4.17 a 1976, 3.31 a 1989. Daga baya Cullen da abokan aikinsa suka sake auna ta 1912 ɗin suka samu 11.40, ta 2011 kuma 1.76. Taswira ɗaya, ƙwararru biyu, bambanci ya fi rabin murabba'in kilomita, wanda ya fi rabin duk abin da ya rage a dutsen yau. Amma ko wacce ka ɗauka kashi 85 cikin ɗari ne ya tafi cikin shekara ɗari. Ni shawarata ka ɗauki lambar 1912 daga wajensu ka faɗi inda ka samo, taka taswirar ka sa ta don nuni, sati uku ba zai ishe ka gasa da su ba.

Ɗalibi_a_Indiya:

Baba Allah Ya ƙara lafiya, Anti 'Yar Taswira kin gama magana. Ni zan ƙara abu ɗaya da nake ganin shi ne ramin da ke gaba, sannan in taɓa maganar Mai Faɗin Gaskiya don akwai gaskiya a cikinta.

Duk abin da aka faɗa zuwa yanzu faɗi ne, wato kallo daga sama. Amma ƙanƙara tana iya ramewa ba tare da faɗinta ya canja sosai ba, kamar sabulun wanka, kullum ka kalle shi daga sama yana nan, sai ranar da ya zama kamar takarda ya karye a hannunka. Lonnie Thompson na jami'ar jihar Ohio da mutanensa sun auna a Kilimanjaro tsakanin 2000 da 2007, filin ƙanƙarar arewa ya rage tsayi da mita 1.9, na kudu da mita 5.1, ita kuwa ƙaramar gilasiyar Furtwängler da ke kusa da ƙololuwa rabin kaurinta ya tafi kafin 2009. Hoton Landsat ba zai gaya maka wannan ba. Ana samunsa ne da taswirar tudu, a ɗauki tsayin ƙasa na shekara kaza a cire daga na shekara kaza. Wanda kowa ke farawa da shi SRTM ne, kumbon sama jannati Endeavour ya yi kwana 11 a Fabrairun 2000 yana auna duniya da rada, sai na ASTER, na'urar tauraron ɗan'adam mai kyamara biyu da ke kallon wuri ɗaya ta kusurwa biyu. Da irin hotunan ASTER ɗin nan aka yi babban binciken 2021 da ya nuna gilasiyoyin duniya, ban da manyan shimfiɗun Girinlan da Antatika, suna asarar wajen tan biliyan 267 kowace shekara daga 2000 zuwa 2019. Sai dai a Kilimanjaro ban ba ka shawarar ka shiga nan ba, guntayen sun yi ƙanana, kuskuren tsayin zai iya fin abin da kake nema. Ka ambace shi kawai a matsayin abin da aikinka bai auna ba, masu jarrabawa suna son ɗalibin da ya san iyakarsa.

Mu nan da muke aiki a kan Himalaya wahalarmu daban ce, ku gode wa Allah taku ƙanƙarar tsirara take. A nan da yawa harshen gilasiyar a binne yake ƙarƙashin tsakuwa da ɓaraguzan dutse, irin Khumbu ta gindin Everest, ka kalle ta a hoto kamar an juye tifa dubu ta yashi, NDSI zai ce maka babu komai a nan alhali ƙanƙara ce a ƙasa. Dole sai an haɗa da gangaren ƙasa da zafin wuri da rada, a ƙarshe dai hannu ne ke gyarawa. Abin da ya fi burge ni kuma, hotunan da suka fi taimaka mana na 'yan leƙen asiri ne. Amurka ta harba taurarin Corona daga 1960 zuwa 1972, sai Hexagon bayansu, don leƙen Tarayyar Sobiyet da Sin, fim na gaske suke ɗauka su jefo shi a kwanso da lema jirgin sama ya cafke a iska. An buɗe na Corona a 1995. Da hotunan Hexagon aka yi binciken 2019 a kan gilasiya 650 na Himalaya aka ga saurin ramewarsu daga 2000 zuwa 2016 ya ninka na 1975 zuwa 2000.

Yanzu Malam Mai Faɗin Gaskiya. Maganar 2035 kuskure ne tsagwaronsa, ya shiga rahoton kwamitin sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2007 daga majiyar da ba bincike ba ce, kuma a Janairun 2010 sun fito sun amsa. Masana ƙanƙara ne ma suka tono shi. Ta Kilimanjaro kuma Thompson ne ya ce a 2002 idan aka ci gaba a haka tsakanin 2015 da 2020 za ta ƙare, bai ci ba. Amma ka raba awo da hasashe. Awon bai taɓa juyawa ba, daga sha ɗaya da wani abu zuwa ƙasa da ɗaya, kowane sabon awo ƙasa yake yi. Hasashen ne ya ja miƙaƙƙen layi, ita kuma ƙanƙara ba a miƙe take tafiya ba, guntun da ya rage shi ne mafi kauri kuma a inda ya fi samun kariya. Likita ya ce wa mara lafiya wata shida ya yi shekara biyu, wannan bai nuna lafiyarsa ƙalau ba. Benezuwela ma haka aka yi ta jan rai da ta ƙarshensu a dutsen Humboldt, a 2024 aka ce ta ƙanƙance ta fita daga sahun gilasiya.

Tambayarka ta Tafkin Chadi kuwa ni ina ganin ba ta ci karo da aikin yaron nan ba. Hoton tafkin na 1963 da ake yawan nunawa, lokacin yana wajen murabba'in kilomita dubu 25, daga Corona ɗin nan ya fito, na bayansa kuma Landsat ne, wanda ke aiki tun 1972 aka kuma mai da hotunansa kyauta a 2008. Kuma tarkon iri ɗaya ne sak, wane wata aka ɗauki hoton, sannan ruwan da ciyayi suka rufe a lissafa shi ko a'a, wanda shi ne daidai da ƙanƙararmu da tsakuwa ta rufe. Wanda ya iya wannan ya iya wancan.

'Yar_Taswira:

Na manta abu ɗaya ƙanina, a babin dalilai kada ka rubuta zafi ya narkar da ita ka yi shiru, za a kama ka. A tsayin mita 5,895 matsakaicin sanyin wurin wajen digiri 7 ne ƙasa da sifili, Douglas Hardy ya kafa tashar auna yanayi a kan filin arewa a 2000. Georg Kaser da Thomas Mölg sun nuna babban abin da ke cin ta bushewar iska ce da ƙarancin zubar dusa, tun wajen 1880 yankin ya fara bushewa, ga rana mai ƙarfi tana dukan bangayen nan da ke tsaye kamar an yanka da wuƙa, wani kason ma ba ya zama ruwa, kai tsaye yake tashi tururi, kamar yadda wanki ke bushewa da hunturu ana tsananin sanyi. Sauyin yanayin duniya yana ciki, ta hanyar Tekun Indiya da ke aiko musu da laima, Thompson kuma yana ganin ɗumama na da hannu fiye da haka, ka kawo ɓangarorin biyu. Kuma don Allah kada ka kwafo maganar nan ta cewa mutanen Moshi, garin da ke gindin dutsen, za su rasa ruwan sha idan ta ƙare, ruwan da ƙabilar Chagga ke noma da shi da wanda ke shiga Kogin Pangani daga dajin da ke kewaye da dutsen yake fitowa, ƙanƙarar ta yi kaɗan. A Himalaya da Andes ne maganar ruwa ke da nauyi.

Mai_Faɗin_Gaskiya:

To na ji, na karɓi rabin. Amma dai in ya gama ya zo ya auna mana Chadi.

Ɗan_Aji_Huɗu:

Jama'a Allah Ya saka da alheri, Baba na gode, Anti na gode, yayana na Indiya Allah Ya dawo da kai lafiya. Jiya na kwana a kai. Na jefar da hoton Mayu, na nemo na Sentinel-2 na ƙarshen rani, sai da na duba wajen guda tara kafin in samu wanda gajimare bai zauna a kan ƙololuwa ba kuma dusa ta ɗauke, na yi ja a kan SWIR kamar yadda Anti ta ce, B4 da B11 ne a can, lambar ta faɗo ƙasa da murabba'in kilomita ɗaya da rabi, wallahi sai da na tashi na zagaya ɗaki. Har rabuwar filin arewa gida biyu da aka ce ta faru a 2012 na gani da idona, ga baƙin dutse a tsakani.

Baba gaskiyarka, ashe aikin nawa ma a shiyya ta 37 ta arewa na sa shi, ban ko lura ba, kuma maki huɗu kawai na ɗaura uku daga ciki a bakin ƙanƙara. Na sake da sha biyu, yanzu hular ta zauna, saura ɗan karkata ta yamma wanda na haƙura da shi.

Saura abu ɗaya. Ta gefen kudu maso yamma inda gangaren ya yi tsaye akwai inuwa baƙa, lissafin yana kama wasu 'yan fikzel a ciki yana barin wasu, idan na sa 2 su shigo idan na sa 2.5 su fita, kuma bambancin ba kaɗan ba ne. Wanne zan bi?

'Yar_Taswira:

Tauraron da safe yake wucewa, rana na gabas, don haka gefen nan kullum a inuwa za ka same shi. Ka ƙara sharaɗi da B2, shuɗi, ka ɗaga haskensa sosai a allo za ka ga ƙanƙarar cikin inuwa ta fi dutsen cikin inuwa haske, ka buɗe Google Earth a gefe ka gyara da hannu. Sannan ka fitar da lambar duka biyun, ta 2 da ta 2.5, ka sa su a tebur a matsayin ƙasa da sama, ka yi amfani da mizani ɗaya a duk shekarun. Turo min hoton allon in gani kafin ka kai wa sufabaiza.